Creswick: Garin da Ake Ƙirga Bununin Ciyawa Kowace Safiya

Wanda ya hau jirgin ƙasa daga birnin Melbon na ƙasar Ostareliya ya nufi yamma, bayan kamar sa'a ɗaya da rabi zai sauka a Ballarat. Daga nan kilomita 18 ne kacal zuwa arewa ya isa wani ɗan gari da ake rubuta sunansa Creswick, amma mutanen wurin suna kiransa "Kirezik". Mutanensa ba su wuce dubu uku da 'yan kai ba. Babban titi ɗaya ne, mai faɗi, da tsofaffin gine-ginen bulo hagu da dama, da gidan burodi, da kantin magani, da masaƙar ulu da aka kafa a 1947. Garin na kan tudu, sama da mita 400 daga gaɓar teku, don haka sanyinsa ya fi na Melbon cizo. Lokutan shekararsu a juye suke da na Turai: Yuni zuwa Agusta ne tsakiyar sanyi, Satumba zuwa Nuwamba kuma lokacin da itatuwa ke toho, ciyawa ke tashi.

A wannan lokaci na toho na je, na yi wata biyu a gidan ƙanwata da mijinta, waɗanda aiki ya kai su can shekara biyar da suka wuce. Ita ma'aikaciyar jinya ce, kullum sai ta tuƙa mota zuwa Ballarat. Har cikin Oktoba, da asuba sai ka ga raɓa ta daskare a kan ciyawar ƙofar gida, fari fat kamar an barbaɗa gishiri, da hantsi kuma rana ta fito ka cire rigar sanyi, kafin la'asar ka sake neman ta.

Zinariya ce ta kafa garin. A shekarun 1850 dubban mahaƙa suka dira a wannan yanki na al'ummar Dja Dja Wurrung, suka tone ƙasa, suka sare dajin kaf don tokare ramuka da hura wutar injuna. Ranar 12 ga Disamba 1882 ruwa ya ɓalle cikin wani rami mai suna New Australasian, mutum 22 suka mutu a ƙarƙashin ƙasa, kuma har yau garin bai manta ba. A nan aka haifi John Curtin a 1885, wanda ya zama firaministan ƙasar a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Amma mutumin da ya fi ba ni sha'awa wani ma'aikacin gandun daji ne, John La Gerche, wanda ya shafe shekarun 1880 da 1890 yana dasa dubban itatuwa a tuddan da masu haƙa suka bari tsirara, yana kuma faɗa da masu satar katako. A 1910 aka buɗe makarantar koyon aikin gandun daji a garin, wadda yanzu take ƙarƙashin Jami'ar Melbon. Akwai hanyar ƙafa da aka sa wa sunan La Gerche, inda za ka bi ta ƙarƙashin itatuwan da ya dasa, manya-manya, wasu daga Turai aka kawo irinsu, wasu daga Amurka.

Bayan gari kuwa filayen kiwo ne iya ganinka. Tumaki da shanu, gonakin dankalin Turawa a jar ƙasa wajen Newlyn da Dean, da gonakin kanola da furenta ke mayar da tudu guda rawaya shar. Duk wanda ya tashi inda kore ke zuwa wata huɗu ya tafi, idan ya ga wannan wuri sai ya tsaya ya yi ta kallo. Na ɗauki hotuna har wayata ta cika.

To, ashe wannan koren da baƙo ke yi wa santi shi ne abin da mutanen gari ke fama da shi. Mako biyu da zuwana na fara lura. Matar da ke sayar da burodi idanunta jawur, tana miƙo canji tana jan hanci. Direban bas yana atishawa bakwai a jere. A kantin magani an jera magungunan hanci da na ido a bakin ƙofa, yadda ake jera dabino a kasuwa in azumi ya gabato. Hirar maƙwabta a bakin shinge ba ta wuce "yau lamba nawa aka ce?" Ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara tara, kullum yana goga hancinsa sama da tafin hannu har wani ɗan layi ya fito masa a karan hanci.

Abin da ke damun su manomin ƙasar Hausa ya san shi da suna. Idan gero ko masara ya fitar da kai, akwai ɗan garin nan mai laushi da ke zubowa, wanda in ka ratsa gona da safe za ka fito da shi a riga da gashin kai. Bununi ke nan. Shi ne irin namiji na tsiro, kuma sai ya isa ga macen fure kafin a samu ƙwaya. Tsirrai sun kasu biyu wajen aika shi. Masu fure mai launi da ƙamshi suna jawo ƙudan zuma da tsuntsaye su ɗaukar musu, don haka bununinsu nauyi gare shi da danƙo, ba ya nisa. Ciyawa da wasu itatuwa kuwa ba su da ɗan aike sai iska, saboda haka suke sakin shi da yawan gaske, mara nauyi, wanda ido ba ya gani, don ko ƙalilan daga ciki ya dace.

Wannan bambanci ne ya sa ake ɗora wa wata bishiya laifin da yawanci ba nata ba. Ana kiran ta wattle, dangin bagaruwa da farar ƙaya ce, furenta ma irin ƙulle-ƙullen rawayan nan ne na bagaruwa, kuma ita ce furen da ƙasar ta ɗauka a matsayin alamarta, har ranar 1 ga Satumba suke yi mata biki. Da yake tana yin fure ne daidai lokacin da atishawa ke farawa, kuma ita ce ido ke gani, sai mutane su ce ita ce. Masana sun daɗe suna cewa bununinta ƙwari ne ke ɗauka, kuma akasari a gindinta yake faɗuwa. Haka ma itatuwan fayin da aka shuka don katako a kewayen garin: a ƙarshen sanyi suna zubar da ƙura rawaya da ke rufe gilashin mota da saman ruwan kududdufi, abin tsoro a ido, amma mutane kaɗan ne take tayar wa ciwo.

Mai laifin na gaskiya ba shi da kyan fure ko kaɗan. Wata ciyawar kiwo ce da Turawa suka kawo daga Turai don tumakinsu da shanunsu, sunanta ryegrass. Dabbobi na son ta, tana jure sanyi, tana ba da harawa mai kyau, shi ya sa aka shimfiɗa ta a miliyoyin kadada a kudancin ƙasar. Kafin ita, wasu itatuwan Turai da aka dasa a tituna da lambuna kan fara nasu tun daga ƙarshen sanyi zuwa Oktoba. Amma babban tashin hankali na ciyawa ne, daga Oktoba zuwa Disamba, kuma Nuwamba ne ƙololuwa. Shekarar da ruwa ya yi yawa a lokacin sanyi da toho, ciyawa ta yi kyau, makiyayi na murna, masu hanci kuma na shirin wahala.

Ga yadda abin ke faruwa a jiki. Bununi ba guba ba ne, ba kuma ƙwayar cuta ba ce. Amma a jikin wasu mutane, garkuwar jiki kan ɗauke shi a matsayin abokin gaba. Haɗuwar farko ba a jin komai, jiki dai ya yi masa alama. Idan aka sake haɗuwa sai wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin hanci da ido su saki wani sinadari da ake kira histamin, shi ne ke kawo ƙaiƙayi, da kumburi, da zubar ruwa, da atishawa. Da farko sai a rantse mura ce. Bambancin shi ne babu zazzaɓi, majinar ruwa ce tsararo, ido da dasashi da cikin kunne suna ƙaiƙayi, kuma ba ta tafiya a mako guda kamar mura, sai ta yi wata biyu ko uku, ta kuma dawo baɗi a daidai lokacin. Kusan mutum ɗaya cikin biyar a Ostareliya na da wannan lalura. Wani likitan Ingila, Charles Blackley, shi ya tabbatar a 1873 cewa bununi ne sanadi, bayan ya yi ta gwadawa a jikinsa, har yana ɗaura gilashi mai danƙo a jikin filfilon takarda mai tashi ya aika sama don ya ga iya inda ƙurar ke kaiwa.

Abin da ya kamata iyalanmu da ke ƙaura zuwa irin waɗannan ƙasashe su riƙe shi ne wannan jinkiri. Baƙo ba ya jin komai a shekarar farko, sau da yawa har ta biyu. Sai ya saki jiki ya ce ai wannan ciwon Turawa ne, mu da muka sha ƙurar hunturu me ciyawa za ta yi mana. Mijin ƙanwata haka ya riƙa faɗa. A shekararsu ta uku yaron ya fara, a ta huɗu shi kansa uban ya bi sahu. Wani dare muna cin tuwon semo ya ce mini, "Yaya, wallahi da na ɗauka sanyi ne ya kama ni. Citta da kanumfari da zuma babu wanda ban sha ba. Wata biyu ban yi barcin kirki ba." Ƙanwata ta yi dariya ta ce, "Ai na gaya maka tun farko, Baban Abba. Ka ce ni aikin asibiti ya sa nake ganin ciwo a ko'ina." Akwai masu cewa zumar yankin na maganin abin, wai jiki ya saba da bununi a hankali. Ni dai ban ga hujjar ba, domin ƙudan zuma furanni suke bi, ciyawar da ke jawo ciwon kuwa iska ce ke ɗaukar nata. A sha zuma don daɗinta da laushin maƙogwaro.

Lambar da maƙwabta ke tambaya kuwa, ƙirga ta ake yi da gaske. Akwai wata na'ura da ake girkawa a sarari, tana da fiffike da ke juya bakinta ta fuskanci iska, tana zuƙar lita 10 a kowane minti, wato kusan yadda mutum ke numfashi yana zaune. A cikinta akwai gilashi ko tef mai danƙo da duk abin da ke cikin iskar ke mannewa a kai. Wani masanin Ingila mai suna Hirst ya ƙirƙiro ta a 1952. Bayan sa'a 24 sai a ciro, a ɗiga launi, a sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, mutum ya zauna ya ƙirga ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Yanzu an fara samun na'urori masu ƙirgawa da kansu. Sakamakon shi ne adadin ƙwayar bununin ciyawa a kowace mita ɗaya ta iska, tsawo da faɗi da zurfi. Ƙasa da 20 ana cewa kaɗan ne, 20 zuwa 49 matsakaici, 50 zuwa 99 ya yi yawa, 100 zuwa sama kuma ya wuce kima. Daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Disamba ake fitar da shi kullum a waya da intanet, tare da hasashen kwanaki masu zuwa. Jami'ar Melbon ta daɗe tana wannan ƙirga a cikin birni, amma ƙananan garuruwa irin su Creswick, da Dookie, da Hamilton, da Churchill sun shiga jerin ne bayan wani bala'i.

Ranar Litinin 21 ga Nuwamba 2016 an wuni da zafi a Melbon, ma'auni ya kai kusan digiri 35, iska mai zafi tana busowa daga arewa, ta kan filayen kiwo. An yi ruwa sosai a watannin baya, ciyawa ta cika ko'ina, bununi ya wuce kima. Wajen ƙarfe biyar zuwa shida na yamma hadari ya taso daga yamma da guguwa a gabansa. Ruwan da aka yi ma bai taka kara ya karya ba. Cikin sa'a ɗaya mutane suka fara faɗuwa a gidaje da tituna, numfashi ya gagara. Kiran motar asibiti ya yi yawan da motocin suka ƙare, mutane suka riƙa ɗaukar 'yan uwansu a motocinsu, wasu suka cika kantunan magani. Cikin sa'a 30, mutanen da suka je sashen gaggawa da matsalar numfashi sun ɗara yadda aka saba da fiye da 3,300. Mutum goma suka rasu. Ba a taɓa ganin irinsa da wannan girma ba a duniya, duk da an ga ƙanana a Birmingham a 1983, da Landan a 1994, da garin Wagga Wagga a 1997, da ita kanta Melbon a baya.

Bayanin da masana suka fi yarda da shi shi ne wannan. Ƙwayar bununin ryegrass cikakkiya ta yi girma da yawa ta wuce hanci, a nan take maƙalewa, shi ya sa ciwon ke tsayawa a hanci da ido. Amma idan ta jiƙa takan fashe, ƙwaya ɗaya ta saki ɗaruruwan ɓurɓushi, har zuwa kusan 700, ƙanana ƙwarai da za su iya gangarawa har cikin ƙananan hanyoyin huhu. Hadari yakan tattara bununin, iskar da ke zubowa ƙasa a gabansa kuma ta watso shi daidai inda mutane ke shaƙa. Hanyoyin numfashi su kumbura su tsuke nan take.

Abu biyu daga binciken da aka yi bayan nan sun tsaya mini a rai. Na farko, da yawa daga waɗanda abin ya kama ba a taɓa ce musu suna da asma ba, amma kusan dukkansu suna da wannan atishawar ta lokacin ciyawa, wadda suke ɗauka ƙaramin abu ce. Na biyu, baƙi sun fi yawa a cikinsu fiye da yawansu a cikin jama'a, musamman 'yan asalin Indiya da Sirilanka da kudu maso gabashin Asiya, kuma shida daga cikin goman da suka rasu daga waɗannan al'ummomi suke. Wato mutanen da suka taso a ƙasashen zafi, suka zo da ƙarfinsu neman karatu da abinci, ba wanda ya gaya musu cewa hancin da ke zuba a Nuwamba gargaɗi ne.

Saboda haka gidan ƙanwata ke da dokoki, kuma ba ta wasa da su. Tun tsakiyar Satumba, kafin a fara atishawa, uba da ɗa suke fara fesa maganin hanci da likita ya ba su, kowace rana, domin irin wannan magani sai ya yi kwanaki kafin ya kama aiki, ba a jira sai abu ya ɓaci. Ƙwayar maganin ƙaiƙayi tana nan don ranar da ta yi tsanani. Ranar da lamba ta hau ba a shanya kaya a waje, abin da ya fi ba ni wahala, don ni ban yarda kaya sun bushe ba sai sun sha rana. Yaro in ya dawo makaranta sai ya wanke fuska ya canza riga. Ana rufe gilashin mota. Yankan ciyawar tsakar gida ya koma hannun uwargida, maƙwabta har sun saba. Akwai shuɗin abin shaƙa na asma a jakar makaranta, da mota, da kicin, wanda a ƙasar ana iya saye a kantin magani ba tare da takardar likita ba. A jikin firij ta manna ƙa'idar taimakon gaggawa da ake koyarwa a can: a zaunar da mutum a miƙe, a fesa sau huɗu ɗaya bayan ɗaya, kowace fesa ya ja numfashi huɗu, a jira minti huɗu, in bai samu sauƙi ba a maimaita a kira 000. Tun 2017 kuma gwamnatin jihar Biktoriya take fitar da hasashen haɗarin irin wancan hadari na kwana uku, da launin kore, ko ruwan lemo, ko ja.

Sau ɗaya na ga ranar ja. Tun safe iska ke busowa daga arewa, busasshiya, mai ɗumi, sararin sama ya yi wani fari-fari. Da la'asar gabas tana haske, yamma ta yi baƙi. A gida wannan ne lokacin da yara ke fita tsakar gida suna tsalle, manya na kwashe shanya suna shaƙar ƙamshin ƙasa. A nan kuwa titi ya yi tsit. Ƙanwata ta bugo waya daga wurin aiki: "Yaya, don Allah ku rufe tagogi duka, kada Abba ya leƙa ko baranda, sai ruwa ya sauka sosai iska ta kwanta." Muka zauna a falo muna kallon itatuwa na rangaji ta gilashi. Yaron ya ɗauko abin shaƙarsa ya ajiye kusa da shi ba wanda ya ce masa, ya ci gaba da aikin makaranta. Hadarin ya wuce lafiya, kamar yadda yawancinsu ke wucewa.

Duk da haka ban ji wani a garin ya ce a daina shuka ciyawar ba. Ita ke ciyar da tumakin da ake samun ulu da nama, kuma da yawa daga masu atishawar su ne masu gonakin. Na ga wani dattijo a kan tarakta da takunkumi a fuska da tabarau, yana yankan harawa, ƙura na tashi a bayansa.

Mai son ganin Creswick alhali yana da asma ko yawan atishawa, shawarata ya je tsakanin Maris da Mayu, lokacin da ganyen itatuwan La Gerche ke komawa ja da ruwan goro, iska kuma ta yi sauƙi. Wanda karatu ko aiki zai zaunar da shi a jihar, ya ga likita kafin Oktoban farko ko na biyu, ya kuma faɗa masa in akwai mai asma a dangi. Zuwa ƙarshen Disamba ciyawar ta bushe ta zama ruwan ƙasa kamar dajin Katsina a watan Janairu, an naɗe harawa an jera a gonaki kamar manyan ganguna, an daina fitar da lamba. Daga nan kuma allon da ke bakin gari mai nuna haɗarin gobarar daji shi kowa ke kallo har zuwa Maris.